Gyarar Modi

Bayan la'asar a Runjin Sambo,
gindin dogonyaron mai shayi,
nan mukan shimfiɗa darar Turawa
bisa benci mai ƙafa uku da bulo.
Dokin baƙaƙe ya ɓace tun bara,
murfin kwalba ka tsaya mai.

Shekara talatin ina koyar da lissafi,
na haddace buɗin wasa kamar karatun allo:
dakaren sarki taki biyu, doki ya biyo,
a kame tsakiya, a kai sarki lungu.
Littafi ya ce, ni ko na ce to.

Sai ga Modi mai albasa
daga Kasuwar Daji, hula a karkace,
ɓawon albasa maƙale ga gemu.
Taki na biyu ya turo dakarensa
har bakin nawa, ba mai tsaro,
kamar ɗan akuya da anka ɗaure ƙofar kura.
Ya ce, “Malam, ci. Gyara ce.”

Na buɗe littafin da ke cikin kaina,
babu wannan shafi.
Na ci. Wa ka ƙin kyauta da rana tsaka?
Ya turo na biyu, na haɗiye,
ina ƙidayar riba a zuci.

Ashe ƙofa nake buɗe mai.
Gurbin dakarun ya koma titi,
limamansa biyu sunka miƙe
kamar kabu-kabu a hanyar Illela.
Dawakina na gyangyaɗi a turke,
sarkina tsaye tsakar gida ba riga.
Taki goma sha tara, shayina bai huce ba,
Modi ya karkaɗe hannu:
“Kowa ya ci ladan kuturu, Malam,
ai ka san sauran.”

Na ce wannan ba wasa ba ne, caca ce.
Ya ce, “Albasar da ka ɓoye a rudu
kana jiran tsada, rabinta ruɓa take.
Dakare na sayar, lokaci na saya.
Kai kana ƙirga kai,
ni ina ƙirga waɗanda sunka farka.”

Ran nan ɗiyar ƙanwata, Asabe,
ta zo hutu daga jami'a da wayarta.
Ta jera wasan, na'ura ta yanke hukunci:
takin Modi kuskure ne, tun na biyu.
Ya leƙa gilashin, ya yi dariya.
“Gaskiya ta faɗa, ɗiyata.
Amma na'ura ba ta zufa,
ba ta jin kiran magariba na matsowa,
ba ta kwaɗayi.
Ni da kawunki nike wasa.”

Kada in yi mai ƙarya, yana shan kashi.
Nahantsi tela, mai haƙurin zare,
kan karɓi gyarar, ya maida ɗaya,
ya zauna kamar dutsin niƙa
har guguwar ta gaji ta kwanta.
Sai Modi ya biya kuɗin shayi,
ya ce, “Yau kasuwa ta faɗi,”
gobe ya dawo da wata haukar sabuwa.

Abin da na lura, shi ne wannan:
ranar da ni da Nahantsi munka zauna,
kaji kaɗai ka kallonmu.
Ranar Modi, har masu gyaran taya
kan bar famfo su zagaye benci.

Jiya na ɗaga dakarena,
hannuna na rawa kamar ran auna jini,
na ajiye shi inda littafi ya hana.
Modi ya dube ni, ya dubi allo,
ya ce, “Malam, kai ma?”
Ya ci. Ya kuma cinye ni, taki talatin.

Amma daren jiya ban yi barci ba,
allon na yawo a rufin ɗaki,
na ga wata hanya ta gefen limami.
Yau in Allah ya kai mu la'asar,
murfin kwalbar zan ba shi.